Rapel ɗin korona: yadda za ka gane wa ke buƙata a gidanku, kuma yaushe

Ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin Rumde Aja nan Garwa, 11 ga Janairun 2022, ina cikin filin. Kuma in faɗa maku gaskiya, ba tsoron korona ne ya sa na miƙa damtse aka tsira min allura ba, ƙwallo ce kawai. An ce babu mai shiga kallon CAN, gasar cin kofin Afirka, sai da karnen rigakafi, wato katin allura, da takardar gwaji, to mu da muka yi wata da watanni muna zille-zille sai ga mu a layi, Johnson & Johnson guda ɗaya, an buga hatimi, kowa ya kama gabansa. Samarin unguwarmu da yawa haka suka yi, wanda ya ce ba haka ba ne ya zo mu haɗa ido.

Bayan 'yan makonni sai ga tari, ga zazzaɓi, maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya. Baffana ya zo duba ni, ya zauna bakin tabarma ya ce, "To ɗan nan, ashe a banza aka soka maka ƙarfe." Ban iya ba shi amsa ba ranar. Kwana huɗu na miƙe na koma shago, amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na bi diddigin abin a hankali, don a gidanmu akwai Inna, shekarunta sun haura 70 ga ciwon suga, ita ce abin ji ba ni ba. Abin da na fahimta game da rapel, wato ƙarin allurar da ake yi daga baya don a tuna wa jiki, shi zan shimfiɗa maku daki-daki yadda kowa zai iya bi a gidansa.

Da farko ka san me allurar ta yi alkawari

Mutanenmu sun saba da allura irin ta ƙyanda da ta shawara. Ta ƙyanda sau biyu aka yi wa yaro, kariyar ta kai kashi 97 cikin 100, kuma tun 1963 ake da ita. Ta shawara guda ɗaya ce har ƙarshen rayuwa. To da aka zo da ta korona kowa ya ɗauka irin waɗancan ce, an soka an gama. Ba haka take ba, kuma laifin ba na allurar ba ne kaɗai, halin ƙwayar cutar ne.

Ƙwayar korona idan ta shiga jiki kwafar kanta take yi, miliyoyi, kuma wajen kwafar nan tana yin kuskure. Kamar takardar da aka yi wa fotokopi, aka sake yin fotokopin fotokopin, a na hamsin sai ka ga wasu haruffa sun sauya kama. Yawancin kuskuren ba ya amfana mata komai, amma jefi-jefi sai a samu wanda ya canza siffar ƙahonnin da ke jikinta, waɗanda da su take manne wa hancinka da huhunka. Su ƙahonnin nan kuwa su ne hoton da allura ta nuna wa jikinka. Ka ɗauka jandarma ne a shingen hanya an ba shi hoton ɓarawo da hula da gemu, sai ɓarawon ya aske gemu ya naɗa rawani, zai iya wucewa shingen. Amma a cikin gari akwai waɗanda ba da hula suka san shi ba, sun san tafiyarsa, sun san muryarsa. Waɗannan su ne rukuni na biyu na sojojin jiki, likitoci na ce masu T, da kuma masu ajiye tarihi da ke sake ƙera makami idan an taɓa su. Su ba su cika hana ɓarawo shigowa ba, amma suna hana shi ƙona gidan.

Ƙyanda ma tana kuskuren kwafa, amma ɓangaren da jiki ke kama ta da shi idan ya canza sosai ita ma ta lalace, shi ya sa tsohon hoto yake aiki har yau. Korona da mura mai zafi, wadda ake ce wa girip, su suna iya sauya riga su ci gaba da harkarsu.

Kun tuna sunayen ai. Alfa daga Ingila, Beta daga Afirka ta Kudu, Delta daga Indiya wadda ta yi ɓarna a 2021, sai Omikron da masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka gano a Nuwamban 2021, ita kaɗai ta zo da canji sama da 30 a ƙahon nan. Alluran da aka kawo mana, Sinopharm da aka fara da ita a Kamaru a Afrilun 2021 da Cadi a watan Yuni, da AstraZeneca, da Johnson, da Pfizer, duk a kan hoton ƙwayar farko ta Wuhan aka ƙera su. Wato lokacin da nake ihu a Rumde Aja, ɓarawon da ke yawo a duniya tuni ya naɗa rawani.

Ga lissafin da ya fi burge ni, daga Ingila inda suka bi mutane masu ɗimbin yawa lokacin Omikron. Wanda aka yi wa Pfizer biyu, a watan farko kariyarsa daga kamuwa da tari da zazzaɓi ta kai wajen kashi 65, amma bayan wata shida ta zube ƙasa da kashi 10. Da aka yi rapel ta koma wajen 67, bayan mako goma ta sake sauka ƙasa da 50. In a nan ka tsaya sai ka ce Baffa ya yi gaskiya. Amma kariya daga kwanciya a asibiti bayan rapel wajen kashi 90 ta kai, kuma saukarta a hankali take, ba irin zubewar waccan ba. A Afirka ta Kudu ma, ma'aikatan lafiya da aka ƙara wa Johnson ta biyu lokacin Omikron sun samu kariya sama da kashi 70 daga kwanciya. To abu biyu ne daban, hana tari da hana gadon asibiti da robar iskar oksijin a hanci. Na farkon ɗan lokaci ne, na biyun shi ne ainihin abin da ka je nema ko ba ka sani ba.

Af, kafin in wuce, wannan "kashi 95" da aka yi ta yayatawa a rediyo a ƙarshen 2020, ba wai mutum 5 cikin 100 za su kamu ba ne. A gwajin Pfizer mutum sama da dubu 40 aka raba gida biyu, rabi allurar gaske rabi ruwan gishiri. Mutum 170 suka kamu, 162 daga masu ruwan gishiri, 8 daga masu allura. Daga nan 95 ta fito. Kwatanci ne tsakanin gida biyu, a kan ƙwayar wancan lokacin, a watannin farko. Duk wanda ya kawo maka wani adadi a WhatsApp, ko na yabo ko na suka, ka tambaye shi abu uku: kariya daga me, a kan wace ƙwaya, wata nawa bayan allura. Yawanci a nan hirar ke mutuwa.

Nemo karnen

Wannan shi ne aikin farko na hannu, kuma wallahi ya fi sauran wuya. Namu na Inna a cikin kwanon samira muka same shi, ƙarƙashin turaren wuta, tare da tsohon katin zaɓe. Abu biyu kake nema a jiki, sunan allurar da ranar ta ƙarshe. Ɗauki hoto da waya nan take ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye, don takarda a gidajenmu ba ta da tabbas, yau gara gobe ruwan sama jibi yaro ya yi jirgi da ita. Idan ya ɓata gaba ɗaya ka koma cibiyar da aka yi allurar, suna da rajista, ka tuna masu watan ko da kusa-kusa ne, "bayan ƙaramar salla" ma ya isa a fara nema. In ba a samu ba kada ka fasa don wannan, ka gaya wa ma'aikacin abin da ka tuna shi zai yanke.

Sai ka ƙirga watanni daga allura ta ƙarshe. Ba yawan alluran ne abin dubawa ba yanzu, a'a, yaushe rabon jiki da tuni. Mai allura uku da rabonsa da ita tun 2022 da mai guda ɗaya tun 2022, dukansu sun daɗe. Haka kuma idan mutum ya yi koronar kanta kwanan nan, an gwada an tabbatar, wannan ma tuni ne ga jiki, ana iya jinkirta rapel wata uku zuwa shida. Ka lura na ce an gwada. Ba kowane tarin hunturu ne korona ba, ƙurar Disamba kaɗai ta isa ta sa gari duka tari.

Yanzu zauna ka raba mutanen gida

A nan ne nake ganin muka fi yin kuskure, muna tambayar "a yi ko kar a yi" kamar gidan duka jiki ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ita kanta tun 2023 ta daina cewa kowa da kowa ya yi ta maimaitawa. Ta ɗage dokar ta-ɓacin korona ranar 5 ga Mayun 2023, ba don cutar ta tafi ba, don yawancin mutanen duniya jikinsu ya riga ya san ta, ko ta allura ko ta kamuwa ko duka biyu. Abin da ta ce shi ne a maida hankali kan waɗanda bangonsu ya tsage, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Su wane ne? Tsofaffi tukuf, masu 75 ko 80 zuwa sama, da dattawan da suka haura 50 ko 60 kuma suna da wani ciwo a ƙasa, su ana so a sabunta masu bayan wata 6 zuwa 12. Masu raunin garkuwar jiki, kamar mai sida da ƙwayoyin jininsa suka yi ƙasa, ko mai shan maganin daji, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, su ma wata 6 zuwa 12, kuma su a haɗa da likitan da ke bin su. Dattijo mai ƙoshin lafiya, da babba mai ciwon suga ko ciwon zuciya ko na huhu ko na ƙoda ko ƙiba mai yawa, shekara-shekara. Ma'aikatan asibiti masu taɓa marasa lafiya, su ma bayan wata 12. Mai juna biyu kuwa guda ɗaya a kowane ciki, kuma mafi sauƙi ta tambaya ranar awo, tunda dama tana zuwa. Na san maganar mata masu ciki ita ta fi tada jijiyar wuya a majalisa, ana cewa allura na hana haihuwa. Ku duba gidajen da aka yi allurar nan tun 2021 ku ƙirga sunan da aka ci tun daga lokacin, gani ai ya kori ji. Korona ita ce ke wahalar da mai ciki, ta kan jawo haihuwar bakwaini, kuma kariyar da uwa ta samu tana ratsawa zuwa jariri na watannin farko.

Saurayi lafiyayye ɗan 25 mai tuƙa moto, wanda ya riga ya yi allura, ko yarinya 'yar makaranta da ba ta da wani ciwo, OMS ba ta ce a yi ta bin su da rapel ba. Ni ra'ayina ma kada ka ɓata bakinka wajen gardama da su, ka adana ƙarfinka don Goggo da Kaka. Wanda kuma bai taɓa yi ba ko sau ɗaya, yanzu ga yawancin mutane guda ɗaya ta wadatar a matsayin farko, sai mai raunin garkuwa da ke buƙatar biyu ko uku.

Matsalar ita ce da yawa cikin dattawanmu ba su san suna da suga ko hawan jini ba. Mutum na yawan fitsarin dare yana ramewa ana cewa tsufa ne. To kafin ka ce "Baba lafiyarsa ƙalau", kai shi a auna jini a soki yatsa a duba suga, abin minti goma ne, kuma ko babu maganar korona ka ci riba.

Zuwa cibiyar lafiya

Kada ka ɗauko tsohuwa a kan moto cikin ranar Garwa ko Marwa ba tare da ka fara zuwa kai kaɗai ka tambaya ba. Na yi wannan kuskuren, muka je wata cibiya muka zauna har azahar sannan aka ce mai makullin firij ya fita. Je ka nemi masu PEV, wato sashen rigakafi inda ake yi wa jarirai, ka tambaye su ko akwai ta korona a hannu, wace iri ce, wace rana suke buɗe kwalba. Kwalba ɗaya ta mutum da yawa ce kuma idan an buɗe awoyi kaɗan take yi, shi ya sa suke son tara mutane. In babu a wurinsu ka tambayi ina ne a gundumar ake da ita, ka karɓi lambar wani a cikinsu. Tsarin COVAX da ya riƙa kawo mana alluran ya rufe a ƙarshen 2023, kamfanin AstraZeneca ma ya janye tasa daga kasuwa a 2024 don an daina saye, to ba kamar lokacin kamfen ba ne da ake bin mutane har ƙofar masallaci, yanzu kai ne za ka bi.

Ba dole sai irin wadda aka yi maka da farko ba. Mai Sinopharm zai iya karɓar Pfizer, mai Johnson ma haka, OMS ta amince da haɗawa tun ƙarshen 2021, kuma ga masu Sinopharm haɗawar ma ta fi tada garkuwa.

Sai maganar sabon samfuri. Tunda ƙwayar na canza riga, ana sabunta hoton da ke cikin allurar. A 2023 an koma kan XBB.1.5, a 2024 aka koma kan JN.1, duk jikokin Omikron ne. Idan ka samu sabuwar, madalla, ta fi dacewa da abin da ke yawo. Idan tsohuwar ce kawai a firij kuma ba ta wuce wa'adi ba, ga mai rauni da babu gara ba daɗi, OMS da kanta ta ce kar a jinkirta ana jiran sabuwa, saboda masu sanin tafiyar ɓarawo ɗin nan ko da tsohon hoto ana tada su daga barci.

Ka duba da idonka, ba rashin kunya ba ne. Kwalbar daga firij ko akwatin sanyi ta fito? Yawancin alluran nan tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su, mu kuwa a Maris da Afrilu zafi na haura 40, ga wuta na ɗaukewa. Ranar ƙarewar wa'adi fa? Sirinji sabo ne aka ɓare a gabanka? Ka tambaya da ladabi, "Malama don Allah in ga kwanan watan", ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Wanda kuma ya ce ka kawo wani abu ya buga maka hatimi ba tare da allura ba, wannan takarda ya sayar maka, huhun Inna ba ya karatu.

Lokacin da ya fi dacewa

Jiki na buƙatar kamar mako biyu kafin allura ta kama, kuma ƙarfinta na hana kamuwa a wata biyu ukun farko ya fi yawa. To ka yi dabara da wannan. In akwai tafiya Hajji ko Umra, inda za a cakuɗu da mutanen duniya cikin cunkoso kowa da irin tarinsa, a yi ta mako biyu zuwa wata ɗaya kafin tashi, ba a fafe gora ranar tafiya. Dama ta sanƙarau wajibi ce ga alhazai kuma ana so ta kai kwana 10 kafin isa Saudiyya, sai ka haɗa tambayar gaba ɗaya, ka kuma ji sharuɗɗan shekarar daga masu shirya tafiyar don suna canzawa. Haka in za a yi babban biki, ko 'yan kasuwa masu zirga-zirga Kuseri zuwa Njamena ta gadar Ngeli, ko masu hawa jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde a kwana a rufe da mutane. Ga wanda ba ya zuwa ko'ina, ni na fi son kafin hunturu, lokacin da ake rufe tagogi a kwana ɗaki ɗaya ana hura gawayi.

Azumi ba ya hana. Malamai da dama sun yi bayani cewa allurar damtse wadda ba abinci ba ce ba ta karya azumi, amma in dattijo hankalinsa bai kwanta ba kar ka ja da shi, a bari bayan salla ko a tambayi limaminsa ya ji daga bakin da ya yarda da shi.

Idan mutum na cikin zazzaɓi mai zafi ranar, a bari ya warke. 'Yar mura mara zazzaɓi ba ta hana.

Ranar allura da kwana biyun da ke biye

A ci abinci, a sha ruwa, a sa riga mai faɗin hannu. Masu shan maganin suga da hawan jini su sha abinsu kamar kullum. Ka gaya wa ma'aikacin idan mutum ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe bayan wata allura, ko yana shan maganin tsinka jini. Bayan an yi a zauna minti 15 a wurin, kar a ce ana sauri, domin mummunan rashin jituwa da allura, duk da mutum kaɗan ne cikin miliyan yake samu, a mintunan farko yake zuwa kuma a wurin suke da maganinsa.

Damtse zai yi tsami, jiki zai yi nauyi, wani ya yi zazzaɓi da ciwon kai kwana ɗaya ko biyu. Parasetamol ya isa, da tsumma mai sanyi a wurin. Ba a murzawa, ba a ɗora toka ko man zafi. Inna ta ce min kamar ta yi dakan gero wuni guda, washegari da yamma ta warware.

Amma ga inda nake so ku buɗe kunne, don mu a ƙasar sauro muke. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, ko ya zo da rawar sanyi da amai, kar ka ce "ai allurar ce". Je a yi gwajin maleriya na yatsa. An sha ɗora wa allura laifin sauro, mutum ya kwanta yana zagin allura maleriya na cin sa. Sannan akwai abubuwa biyu da ba kasafai suke faruwa ba amma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Irin su Pfizer da Moderna an ga suna jawo kumburin tsokar zuciya ga wasu 'yan kaɗan, galibi samari, cikin kwanakin farko, yawanci kuma suna warkewa. AstraZeneca da Johnson kuma an ga wani irin daskarewar jini ga wasu 'yan kaɗan cikin mako uku zuwa huɗun farko. To ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri, ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin dishi-dishi, kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ciki mai tsanani, waɗannan asibiti ne kai tsaye, ka tafi da karnen.

In tari ya zo duk da haka

Zai iya zuwa, mun riga mun faɗa. Abin yi shi ne a raba mai tarin da tsofaffi gwargwadon yadda gida ya ba da dama, a buɗe taga ko a koma zaure ko ƙarƙashin darbejiya, iska na rage yawan ƙwayar da ake shaƙa. Mai tarin ya sa takunkumi idan zai shiga gaida Kaka, ko ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ba raini ba ne. A daina shan shayi da kofi ɗaya na 'yan kwanaki. Kuma don Allah a bar amoksisilin ɗin mai tebur, ba ya taɓa ƙwayar korona ko ta girip ko kaɗan, sai likita ya ga alamar wata cutar ta hau kai sannan yake rubuta shi.

Alamomin da ba a jira da su: numfashi sama-sama har mutum ba ya iya gama magana, nauyi a ƙirji, ruɗewa ko barcin da ba a iya tada mutum, leɓe ya canza launi, kasa shan ruwa. Idan kuna da ɗan na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa, ana samu a farmasi, ƙasa da 94 a nemi likita, 90 zuwa ƙasa a ɗauke shi yanzu-yanzu. Tsoho wani lokaci ba ya zazzaɓi sam, kawai sai ka ga ya yi shiru ya daina cin abinci, mai suga kuma sugansa ya haukace. Tarin da ya kai mako biyu kuwa a je a gwada tibi, kyauta ake ba da maganinta.

Mutane na yawan tambaya wai in an yi allura me ya sa ake ganin masu allura a gadon asibiti. Misali kawai, ba ƙididdiga ba: unguwa mai tsofaffi 100, 90 sun yi 10 ba su yi ba. Cikin 90 mutum 3 suka kwanta, cikin 10 ma mutum 3. Wanda ya leƙa ɗakin zai ce kunnen doki ne, alhali can ɗaya cikin 30 ne, nan kusan ɗaya cikin 3.

Girip ma a sa ta a lissafi, ita ce tsohuwar gwanar sauya riga. Shi ya sa OMS ke zama sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, ta zaɓi irin da za a sa a allurar kakar da ke tafe, da samfuran da ɗakunan gwaji na duniya ke turawa, ciki har da Santir Pastor na Yawunde mai reshe a nan Garwa. A shekarar da zaɓin ya dace tana rage zuwa asibiti da kashi 40 zuwa 60, ba ɗari ba, amma cutar da ke kashe mutum dubu 290 zuwa dubu 650 a duniya duk shekara rage rabinta ba wasa ba ne. Ita ba ta cikin alluran yara na kyauta, sai an nema an biya, to in aljihu ba zai ɗauki kowa ba a fara da mai asma da mai ciwon zuciya da tsoho da mai ciki. Ana iya yin ta rana ɗaya da ta korona, wannan damtse da wancan.

Baffa dai har yau bai janye maganarsa ba, yana nan kan cewa an soka min ƙarfe a banza, kuma a kaina ni ɗan 30 da wani abu ba na ma ja da shi sosai. Amma makon jiya da na je gaishe shi na tarar yana haki daga alwala kawai, na tambaye shi ina karnensa, ya ce in duba aljihun babbar rigar da ya je Maka da ita. Sinopharm biyu ne, ta ƙarshe 2021. Na ɗauki hoto, na ce ranar Talata zan zo da moto mu fara zuwa a auna jini, ya ce in zo bayan hantsi kuma in taho masa da goro.